Sake fentin rim ɗin mota a gida: shin sabon shiga zai iya?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin fenti a cikin wannan zaure. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010 mai rim ɗin alminiyam inci 16, kuma duka huɗun sun fita hayyacinsu. Fentin ya fara ɓarewa, wani farin gari yana fitowa daga ƙarƙashinsa, sannan biyu na ɓangaren dama sun karce a baki saboda gogar gefen kwalbati wajen ajiye mota. Ina so in sake fentinsu da kaina a gida da fentin gwangwani, domin ina sha'awar aikin hannu kuma ina da fili a harabar gidana da ke Gwale a Kano, sai dai ban taɓa fesa fenti a kan komai ba. Shin aiki ne da sabon shiga zai iya, kuma daga ina ya kamata in fara?

Usta Mai Fenti:
Wa'alaikumus salam, Baban Hanifa. Za ka iya, da sharaɗin ka yarda tun yanzu cewa feshin shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. Abin da zai cinye maka lokaci shi ne wanki da guga, kuma a nan ne ake gane ko fenti zai zauna ko zai ɓare kafin watanni uku.

Wannan farin garin da kake gani tsatsar alminiyam ce. Alminiyam ba ya yin jan tsatsa irin na ƙarfe, fari yake yi, kuma yana bi ta ƙarƙashin fenti yana ɗaga shi daga duk inda dutse ko karce ya buɗe masa ƙofa. Duk wurin da ka ga haka dole ne ka goge shi har sai ƙarfen ya fito yana ƙyalli, domin idan ka rufe shi da sabon fenti zai ci gaba da cin sa daga ciki.

Ka fara da wanke rim ɗin ciki da waje da omo da ruwa da buroshi mai laushi, har sai baƙar ƙurar birki ta fita gaba ɗaya. Bayan ya bushe sai ka kama sanfefa. Wuraren da suka karce da waɗanda suka yi farin gari ka fara su da mai lamba 180 ko 240, sannan ka bi dukkan fuskar rim ɗin da 320 ko 400 har sai ƙyallin tsohon fentin ya mutu ko'ina, har da lungunan da yatsa ke shiga da ƙyar. Inda tsohon fenti yake riƙe da kyau ba sai ka cire shi ba, ka dai kashe ƙyallinsa, ka kuma sassauta gefensa ta yadda idan ka rufe ido ka shafa ba za ka ji tudu tsakanin fentin da ƙarfen ba. Karcen da ya yi zurfi ana cike shi da fila, wato ƙullun da masu fenti ke cike rami da shi, a bari ta bushe, a goge ta ta yi daidai da bakin rim ɗin.

Daga nan sai faraima, wato shafin farko da ake yi kafin launi don fenti ya kama, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi faɗuwa. Faraimar da ake sa wa ƙarfe na yau da kullum ba ta kama tsiraicin alminiyam da kyau, saboda da zarar ka goge shi iska tana sake yi masa wata siririyar fata cikin ɗan lokaci kaɗan. Ka nemi wadda aka rubuta etch primer a jikin gwangwaninta, ita ce mai ɗan asid da ke cizon ƙarfen ta kama shi, kuma ka fesa ta a ranar da ka gama guga, kada ka bari ya kwana.

Ɗan Kurna:
Da girmamawa ga Usta, ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Idan ka haɗa kuɗin sanfefa, fila, faraima, fenti, kiliya (shafin ƙarshe marar launi da ke kare fenti ya ba shi ƙyalli), tef da takunkumi, za ka tarar ka kusa kai abin da mai fenti zai karɓa, alhali shi yana da kwamfireso da bindigar feshi da hannun da ya saba. Fentin gwangwani kuma siriri ne, ba ya jure hanyoyinmu. Motar da ke bin Titin Katsina ko hanyar Panshekara kullum, tsakuwa da yashi suna dukan rim ɗinta ba dare ba rana, sannan ga yaran wajen wankin mota da ke zuba masa ruwa mai ƙarfi. Shawarata ita ce ka kai wa masu sana'ar, ka huta.

Usta Mai Fenti:
Ɗan Kurna, maganarka game da kuɗi tana da ƙamshin gaskiya, kuma da ina neman ciniki ne da na goyi bayanka. Sai dai ka lura da abin da ake yi a gareji da yawa idan aka kawo rim: a wanke shi sama-sama, a ɗan shafa sanfefa, a fesa silba tun yana jikin mota, mai mota ya karɓa da yamma yana murna. Irin wannan aikin ba ya kai damina ɗaya. Mutumin da ya zauna a gidansa ya ba kowane rim awanni yana guga zai iya samun fentin da ya fi wancan daɗewa ko da gwangwani ya yi amfani, domin fenti yana riƙe abin da ke ƙarƙashinsa ne. Na yarda cewa idan aka haɗa shiri mai kyau da bindiga da kiliya mai hadina, wato sinadarin da ke sa ta tauri, gwangwani ba zai kamo shi ba. Amma Baban Hanifa ya ce yana son koyon aikin, kuma rim wuri ne mai kyau na koyo tunda ƙarami ne, ana iya cire shi, kuma idan ya ɓaci ana iya gogewa a sake.

Injiniya Na Sharaɗa:
Kafin a yi nisa da maganar kyau, ina so in ja hankali kan abin da ya shafi rai. Baban Hanifa, bayan ka wanke kowane rim, ka kai shi wuri mai haske ka duba shi ciki da waje, musamman bakinsa na ciki da kuma inda hannayensa suka haɗu da tsakiya. Rim ɗin ƙarfe idan ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, amma na alminiyam yana iya tsagewa, kuma tsagar takan zama siririya kamar gashi. Idan tayarka tana yawan sauke iska ba tare da an ga ƙusa ba, ka zargi hakan. Rim ɗin da ya tsage ba a cike shi da fila a rufe da fenti, domin fila ba ta ɗaukar nauyin mota. Ko dai a canza shi, ko a kai wa wanda ya ƙware a waldar alminiyam ya duba ko tsagar tana wurin da za a iya gyarawa.

Abu na biyu: akwai wurare biyu da fenti bai kamata ya taɓa ba. Na farko shi ne bayan rim ɗin, wato fuskar da ke kwantawa a jikin hob, ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa. Na biyu shi ne mazaunin noti a cikin ramuka biyar ɗin nan. Idan fenti ya yi kauri a waɗannan wurare, za ka ɗaure noti ka ji ya kama, amma da zafin birki da nauyin tafiya fentin zai murƙushe, notin ya saki. Ka rufe bayan da tef, ramukan kuma ka toshe su da takarda da aka naɗe.

Na uku, kada ka bar mota a kan jak kaɗai na tsawon kwanaki a gidan da yara ke wasa. Ka samu ƙafafun ƙarfe na tallafe mota, ka sa a ƙasa mai tauri, ka tokare sauran tayoyin. Idan ba ka da su, ka riƙa yin rim ɗaya-ɗaya kana sa safaya a madadinsa.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. Wannan maganar mazaunin noti ban taɓa jin ta ba. Yanzu tambayata ita ce taya: sai na kai an cire ta daga rim ɗin, ko zan iya fesawa tana jiki?

Alhaji Mai Faci:
Wannan fannina ne, bari in sa baki. Idan ka tambaye ni, a cire tayar ya fi, saboda farin garin nan da Usta ya yi bayani ba a fuska kaɗai yake tsayawa ba, yana shiga har mazaunin bakin taya, kuma shi ne ke sa iska tana zurarewa a hankali a tsofaffin rim. Idan an cire, za ka samu damar goge wurin, ka kuma canza bawul gaba ɗaya. Amma akwai matsala guda da ya kamata ka sani: mayar da tayar. Yawancinmu a bakin titi da ƙarfen banƙara da guduma muke aiki, kuma sabon fenti ba ya jure wannan. Idan za ka cire, to wajen mayarwa ka je inda suke da injin sa taya, ka gaya musu fentin sabo ne, kuma ka bari ya yi aƙalla mako guda yana bushewa kafin nan. Sannan dole a sake yin balansin, domin za a cire ƙananan ma'aunan da ke manne a jiki. Idan motarka tana da na'urar auna iska a jikin bawul, ka faɗa wa mai cirewar tun kafin ya fara don kada ya karya ta.

Idan kuwa ba ka son wannan zirga-zirgar, ka sauke iskar gaba ɗaya, ka sa a danna bakin tayar ya ɗan ja baya daga rim ɗin, sai ka yanka kwali ƙanana ka jera su a tsakanin taya da rim har su zagaye, ka rufe sauran tayar da jarida da tef. Kada ka manta da rufe bawul.

Usta Mai Fenti:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Ga sabon shiga ni na fi son hanya ta biyu, sai dai in bakin ya ci sosai. Zan ƙara abu ɗaya: idan ana shafa wa tayarka man nan da ke sa ta ƙyalli a wajen wanki, ka wanke ta sosai kafin ka kusanto da fenti. Man yana da silikon, kuma ɗigo kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa fenti ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka a fuskar rim. Haka ma maiƙon hannu. Bayan gugar ƙarshe ka share rim ɗin da ƙyalle mai tsabta da maganin cire maiƙo na masu fenti, kuma daga nan kada ka sake taɓa fuskar da hannu tsirara. Kada ka share da fetur, yana barin maiƙo. Tina kuma, wato ruwan tsinka fenti, tana iya narkar da tsohon fentin da ka bari.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Ina bin wannan bayani da kyau domin ɗana yana son yi wa motata irin wannan aikin. Wani ya ba shi shawarar ya jiƙa rim ɗin da sodar da muke haɗa sabulu da ita, wai tana cire tsohon fenti cikin sauƙi ba sai an sha wahalar guga ba. Shin hakan daidai ne? Sannan ina so a yi mana bayani kan warin fentin, saboda gidanmu a cikin gari yake, tsakar gidan ba ta da faɗi, kuma akwai ƙananan yara.

Injiniya Na Sharaɗa:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Don Allah ki hana shi. Soda tana cin alminiyam kansa, ba fentin kaɗai ba. Tana narkar da fuskar ƙarfen ta bar ta da ramuka, tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ga kuma ƙona fata da makantar da ido idan ta fantsama. Haka kuma kada ya yi amfani da buroshin waya na ƙarfe, domin yana barin ɓurɓushin ƙarfe a jikin alminiyam wanda daga baya zai zama tabon tsatsa a ƙarƙashin fenti.

Game da wari kuwa, tambayarki tana da muhimmanci ƙwarai. Kiliya iri biyu ce a gwangwani. Akwai ta yau da kullum wadda ke bushewa da iska, akwai kuma wadda ake kira 2K, mai maɓalli a gindin gwangwani da ake dannawa hadina ta gauraya da ita. Ta biyun ta fi tauri nesa ba kusa ba, tana jure fetur da zafin birki, amma tana ɗauke da sinadarin isocyanate wanda ke iya jawo asma mai tsanani ga wanda ya shaƙe shi. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare shi. A tsakar gida irin wadda kika kwatanta, ni ban yarda a fesa ta ba ko kaɗan. Ko ta yau da kullum ɗin ma a yi ta a fili mai iska, nesa da murhu da janareta da duk wata wuta, yara ba sa kusa, mai feshin kuma ya sa takunkumi mai matatar sinadari da tabarau da safar hannu.

Ɗan Kurna:
To kun ga abin da nake faɗa. Kiliyar da ke da ƙarfi ba ta dace da gida ba, wadda ta dace da gida kuma ba ta da ƙarfi. Idan mutum yana son abin da zai daɗe da gaske, fentin gari ne da ake gasawa a tanda da zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200, kuma wannan babu mai yin sa a harabar gida.

Usta Mai Fenti:
Haka ne, fentin gari ya fi ƙarfi, ba na musu. Amma akwai tsaka-tsaki da nake ba mutane shawara: mutum ya yi duk wanki da guga da fila a gida da hannunsa, wanda shi ne aikin da ba kowane gareji ke ba shi haƙƙinsa ba, sannan ya zaɓa. Ko ya ƙarasa da kiliyar gwangwani ta yau da kullum ya yarda cewa bayan wani lokaci za ta buƙaci sabuntawa, ko ya kai wa mai fenti ya fesa masa launi da kiliya mai hadina da bindiga.

Tunda Baban Hanifa yana son ya fesa da kansa, bari in yi maganar yanayi, domin a Kano shi ne babban abokin gabar mai fenti. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti ta maƙale, ka wayi gari fuskar rim ta yi kaushi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma idan ka fesa da rana tsaka, fentin yana bushewa a iska kafin ya isa jikin ƙarfen, sai ya sauka kamar gari, babu ƙyalli. A tsakiyar damina kuma, musamman Agusta, danshin iska yana sa kiliya ta yi fari-fari ta dushe. Fenti ya fi son zafin da bai wuce digiri 25 ba sosai, don haka a garin nan lokacinka shi ne sassafe, a inuwa, rim ɗin yana da sanyi idan ka taɓa bayansa. Ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin don ƙura ta kwanta, ka ɗora rim ɗin a kan tebur ko bulo da kwali, kada ka ajiye shi a kan turɓaya.

Feshin kansa kuwa, ka girgiza gwangwanin minti biyu cur bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon da ke ciki. Ka gwada a kan kwali tukuna. Ka riƙe shi nesa da rim kamar santimita 20 zuwa 25, ka fara danna kan gwangwanin kafin hannunka ya iso kan rim ɗin, ka saki bayan ya wuce, kuma kada hannun ya tsaya wuri ɗaya. Ka fara da lunguna da gefen hannayen rim, ka bar fuska ta zama ta ƙarshe. Shafin farko ya zama siriri har kana hango abin da ke ƙasa, kada wannan ya dame ka. Ka jira minti 10 zuwa 15, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ka sake. Faraima shafi biyu, idan ta bushe ka lallaɓa ta da sanfefa 600 ko 800 ka share, launi shafi uku, kiliya biyu ko uku. Idan fenti ya taru ya zubo, kada ka sa yatsa ko ƙyalle, ka bar shi ya bushe sarai, ka goge wurin, ka sake fesawa.

Baban Hanifa:
Usta, Allah ya ƙara basira. Gwangwani nawa zan saya, kuma wane launi ka ga ya fi dacewa? Raina yana son baƙi mai ƙyalli domin motar fara ce.

Usta Mai Fenti:
Ga rim huɗu na inci 16, idan fuska kaɗai za ka yi, ni nakan lissafa gwangwani mai mililita 400 kamar haka: faraima biyu, launi uku, kiliya biyu zuwa uku. Za ka samu a wajen masu sayar da fentin mota a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Ka yi ƙoƙari duka ukun su zama na kamfani ɗaya, domin wani fentin idan ya hau kan wani na daban yakan sa shi ya yamutse, kuma ka duba kwanan watan da ke gindin gwangwanin, saboda wanda ya daɗe a shago cikin zafi yakan riƙa tofar da fenti dunƙule-dunƙule.

Game da launi, zan faɗa maka ra'ayina ƙarara: kada ka fara da baƙi mai ƙyalli. Shi ne launin da ke tona duk wani karce da duk wata ƙura da ta faɗa, sannan a garin nan kafin ka kai Kabuga daga gida jar ƙura ta rufe shi. Silba ko ruwan toka mai duhu sun fi rufa wa sabon hannu asiri, kuma ruwan tokan zai yi kyau a jikin farar mota. Abu ɗaya da ya kamata masu bibiyar wannan magana su sani shi ne, rim ɗin da fuskarsa take ƙyalli da siraran layukan inji, irin na sababbin motoci, ba a iya dawo masa da wannan kamar a gida. Injin yanka ne ke yin ta, don haka wanda ya goge ta sai dai ya mayar da rim ɗin launi ɗaya.

Injiniya Na Sharaɗa:
Saura maganar mayar da ƙafa. Ka fara ɗaura notin da hannu, sannan ka bi su a tsallake, wato ka ɗaure ɗaya ka tsallaka zuwa na gabansa ta ɗaya ɓangaren, har ka gama biyar ɗin. Ƙa'idar Corolla irin taka ita ce Newton-mita 103, kuma da sifana mai awo ake samun ta, ba da hawa kan sifana da ƙafa ba. Ka naɗa tef a jikin kan sifanar don kada ta karce bakin ramukan. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notin gaba ɗaya.

Baban Hanifa:
Na gode muku ƙwarai, har da Ɗan Kurna, domin maganarsa ta sa na rage buri. Ga abin da na tsayar: zan fara da rim ɗin baya na dama, wanda ya fi lalacewa, in sa safaya a wurinsa, in yi shi da ruwan toka da kiliyar yau da kullum ba tare da cire taya ba. Idan ya fito yadda nake so sai in bi sauran ukun, idan kuma feshin ya gagare ni sai in gama gugar in kai wa mai bindiga. Usta, kwana nawa zan jira kafin in mayar da shi jikin mota?

Usta Mai Fenti:
Ka cire kwalayen da tef bayan kamar awa ɗaya, tun kiliyar ba ta gama tauri ba, don kada ta ɓare tare da tef ɗin. Ka bar rim ɗin a inuwa, inda ƙura ba ta kai, na tsawon kwana biyu kafin ka sa iska ka ɗaura shi. Fentin zai bushe a hannu tun ranar farko, amma cikinsa yana ɗaukar makonni kafin ya gama ƙarfi, don haka ka yi mako biyu ba ka kai shi wajen masu wankin mota da ruwan inji ba, ka wanke shi da kanka da soso mai laushi da ruwa. Idan ka gama gugar, kafin ka fesa faraima, ka turo mana hotonsa a nan in duba maka lungunan.